Lauyan soja da ke iya ce wa oga "a'a": me ya sa korar manyan lauyoyin sojin Amurka ba ƙaramar magana ba ce

Ranar Juma'a 21 ga Fabrairun 2025 da daddare gwamnatin Trump ta yi wa manyan hafsoshin sojin Amurka shara, kuma abin da kowa ya kama yana ta surutu a kai shi ne sallamar Janar Charles Brown, shugaban hafsoshin tsaron ƙasar baki ɗaya, da Admiral Lisa Franchetti, mace ta farko da ta taɓa shugabantar sojin ruwansu. Amma cikin sanarwar da ministan tsaro Pete Hegseth ya fitar a daren akwai wani layi guda da mutane da yawa suka tsallake, wai ana neman sunayen waɗanda za su hau kujerun manyan lauyoyin sojin ƙasa da na ruwa da na sama. Laftanar Janar Joseph Berger na sojin ƙasa ya tafi, Laftanar Janar Charles Plummer na sojin sama shi ma ya tafi. Da 'yan jarida suka tambayi Hegseth dalili bai wani ɓoye-ɓoye ba, ya ce ba sa son lauyoyin da za su riƙa tare hanya idan shugaban ƙasa ya ba da umarni. Ni dai a wurina wannan layin ya fi korar janarorin nauyi, don janar ana canza shi kullum, amma taɓa mutumin da aikinsa shi ne ya faɗa wa janar abin da doka ta halatta da wanda ta haramta, wannan wani abu ne daban.

To wai shi lauyan soja wane ne ma? Soja ne cikakke, da kakinsa da muƙaminsa, yana sara wa na gaba da shi kamar kowa, sai dai kuma ya yi karatun lauya. A Amurka JAG ake ce musu, kuma tsarin ya girmi ƙasar ma in ka duba, tun 1775 aka naɗa William Tudor a matsayin lauyan rundunar George Washington, shekara guda kafin a ayyana 'yancin kai. Aikinsu na yau da kullum da yawa ba wani abin burgewa ba ne: su ne masu gabatar da ƙara a kotun soji, su ne masu kare wanda ake tuhuma, wasu su zama alƙalai, wasu su duba kwangila, wasu su taya ƙaramin soja rubuta wasiyya kafin a tura shi daga. Amma inda aikin ya fi nauyi shi ne ɗakin da ake tafiyar da farmaki.

Kwatanta ɗakin a ranka. Tsakar dare ne, fuskokin kwamfuta sun cika bango, jirgi mara matuƙi yana shawagi a saman wani gida yana aiko da hoto baƙi da fari, masu leƙen asiri sun ce mutumin da ake nema yana ciki, kwamanda yana tsaye kowa shi yake jira. A gefensa akwai wani manjo ko kanar da littafinsa, shi ba makami ne a hannunsa ba, tambayoyi ne. Me ya tabbatar mana shi ne? Majiya ɗaya ce ko biyu? Waɗancan ƙananan inuwoyin da ke tsakar gida yara ne ko awaki? Ginin da ke manne da gidan masallaci ne ko asibiti? In an jira ya fito ya hau mota ba za a same shi shi kaɗai ba? Wane irin bam za a sa, babba ko wanda ɓarnarsa ba ta wuce ɗaki guda? Duk waɗannan daga ƙa'idoji uku suke fitowa na dokar yaƙi, a bambance mayaƙi da farar hula, kada asarar farar hula ta rinjayi amfanin da ake nema a harin, sannan a yi duk taka-tsantsan ɗin da zai yiwu. Kuma sau da yawa minti kaɗan yake da shi ya ba da amsa.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne lauyan nan ba shi da ikon hanawa. Shawara yake bayarwa, kwamanda ke yanke hukunci, alhakin kuma a wuyan kwamandan yake. Ƙarfinsa ɗaya ne, idan ya buɗe baki ya ce ranka ya daɗe wannan haramun ne a doka, aka kuma rubuta, to daga ranar kwamandan ba zai taɓa tsayawa gaban kotu ya ce ban sani ba. Tun shari'ar Nuremberg da aka yi wa manyan 'yan Nazi na Jamus bayan yaƙin duniya na biyu aka rufe ƙofar "oda aka ba ni", babu sojan da wannan uzurin zai wanke idan odar a fili take haramtacciya.

Ba Amurka kaɗai ke da wannan tsari ba. Ƙari na farko da aka yi wa yarjejeniyar Geneva ta dokar yaƙi a 1977, sashe na 82, ya wajabta wa ƙasashen da suka shiga su tanadi masu ba kwamandoji shawarar doka, kuma Najeriya da Nijar duk suna ciki. Ita Amurka ba ta ma rattaba amincewar ƙarshe a kan wannan ƙarin ba, abin da ya tura ta ta ɗauki lamarin da gaske kunya ce ta My Lai, ƙauyen Vietnam da sojojinta suka kashe ɗaruruwan mata da yara da tsofaffi a watan Maris na 1968. Bayan nan ne a 1974 ma'aikatar tsaro ta kafa shirin koyar da dokar yaƙi ga kowane soja, a hankali lauyoyi suka matso daga ofis zuwa kusa da kwamanda. Mu da muka ga abin da ya faru a Tudun Biri ranar 3 ga Disambar 2023, jirgin sojin ƙasa mara matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi mutum aƙalla 85 suka rasu, ba sai an yi mana dogon bayani ba kan darajar tambayar nan ta "su wane ne waɗancan mutanen da suka taru" kafin a danna.

To ina siyasa ta shigo? Bari in yi wa ɓangaren Hegseth adalci tukuna, don maganarsu ba duka ce banza ba. A dimokuraɗiyya farar hula da aka zaɓa su ke juya soja, wannan ginshiƙi ne, mu 'yan Afirka ta Yamma mun fi kowa sanin abin da ke faruwa idan kaki ya ga ya fi ƙarfin zaɓaɓɓe. Babu wanda ya zaɓi lauyan soja, saboda haka ba shi da hurumin ya ce ba za a yi yaƙi kaza ba don shi bai so. Sannan akwai sojojin da suka yi Iraƙi da Afghanistan, Hegseth kansa yana cikinsu, da suka dawo da ɗacin cewa an ɗaure musu hannu, kafin a ba su izinin harbi abokin gaba ya sulale. Wannan ɗacin na gaske ne. Amma fa a duba, ƙa'idojin buɗe wuta ba lauyoyi ke yanke su ba, janarori da 'yan siyasa ne. Lokacin da aka tsaurara batun luguden sama a Afghanistan a 2009 Janar Stanley McChrystal ne ya ba da umarnin, don ya ga kashe farar hula yana ƙara wa Taliban magoya baya. Lauya yana fassara ƙa'idar ne kawai, sai haushin ya sauka a kansa tun da shi ake gani a kusa.

Rashin ɗaukar ɓangare da ake nema a wurinsa ba wai ya zama ba shi da ra'ayi ba ne, yana da ƙuri'arsa kamar kowa, dokar soji dai ta hana shi kamfen da zagin shugabanni. Abin da ake nufi ya fi haka sauƙi kuma ya fi wuya: amsar da zai bayar kada ta canza saboda wanda ya yi tambayar. In harbin mutumin da ya ɗaga hannu haramun ne a zamanin Obama to haramun ne a zamanin Trump, in kuma hari ya halatta ya faɗa ko da shi ba ya son shugaban. Rantsuwar da hafsan sojin Amurka ke yi ma ga kundin tsarin mulki take, babu sunan shugaban ƙasa a cikinta. Mu Hausawa mun san abin nan sarai, mun san bambancin malamin da za ka je wa da tambaya ya buɗe littafi ya faɗa maka abin da ke ciki ko ranka zai ɓaci, da malamin fada wanda sai ya kalli fuskar sarki tukuna sannan ya nemo hujja. Fatawar na biyun ba ta da amfani ko ga sarkin kansa, don ranar da abu ya ɓaci babu wanda za ta kare.

Kuma an taɓa gwada wannan a Amurka, ba labarin ƙanzon kurege ba ne. Bayan harin 11 ga Satumbar 2001, lauyoyin ma'aikatar shari'a da gwamnatin Bush ta naɗa, John Yoo da Jay Bybee, suka rubuta takardar nan ta 1 ga Agustan 2002 da ta matse ma'anar azabtarwa har ta zama sai ciwon ya kai irin na lalacewar wata gaɓa ko mutuwa kafin a kira shi azaba. Ranar 2 ga Disamba na shekarar ministan tsaro na lokacin Donald Rumsfeld ya sa hannu kan jerin dabarun tambayar fursunonin Guantanamo, da su tsayar da mutum awanni, da tuɓe shi, da tsorata shi da karnuka, har ya ƙara da rubutun hannu a ƙasan takardar cewa shi yana tsayuwar awa takwas zuwa goma a rana, don me aka taƙaita tasu a awa huɗu. Su wa suka ja da wannan? Lauyoyin kaki. A farkon 2003 Manjo Janar Jack Rives na sojin sama, da Manjo Janar Thomas Romig na sojin ƙasa, da takwarorinsu na ruwa da na rundunar Marines, kowa ya rubuta tasa takardar, kuma hujjarsu ba ta tausayin 'yan Alƙa'ida ba ce, cewa suka yi za ku jefa yaranmu cikin laifin da wata rana za a kama su da shi, za ku zubar da mutuncin rundunar, kuma duk abin da muka yi wa fursuna shi za a yi wa namu idan aka kama shi. Aka yi watsi da su. Shekara guda da 'yan watanni, Afrilun 2004, hotunan azabtar da fursunoni a gidan yarin Abu Ghraib na Iraƙi suka fito duniya ta gani, waɗanda aka ɗaure kuwa ƙananan sojoji ne, masu rubuta fatawar ko ɗaya bai kwana a gidan yari ba.

Wani abu da nake so a lura da shi a nan, cikin waɗanda suka fi tsayawa kai da fata har da Alberto Mora, babban lauyan ma'aikatar sojin ruwa, shi farar hula ne kuma gwamnatin Bush ɗin ce ta naɗa shi, ɗan jam'iyyarsu ne. Matsin da ya yi na cikin abin da ya sa Rumsfeld ya janye izinin a watan Janairun 2003. Ke nan maganar ba ta Republican da Democrat ba ce ko kaɗan. Bayan abin kunyar ne majalisar dokoki ta sa a doka a 2004 cewa babu wani jami'in ma'aikatar tsaro da zai yi katsalandan ga 'yancin manyan lauyoyin soja na ba da shawara mai zaman kanta, daga baya aka ɗaga muƙaminsu zuwa janar mai tauraro uku don muryarsu ta yi nauyi a ɗakin taro.

Akwai kuma Laftanar Kwamanda Charles Swift na sojin ruwa, wanda aka ba shi ya kare Salim Hamdan, ɗan Yemen direban Usama bin Ladan. An nuna masa tun farko cewa abin da ake so shi ne mutumin ya amsa laifi a wuce wurin, shi kuwa ya ɗauki aikin da gaske ya maka gwamnatinsa a kotu, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yunin 2006 cewa kotunan soji na musamman da Bush ya kafa sun saɓa wa doka da yarjejeniyar Geneva. Ladan da ya samu, an tsallake shi a ƙarin girma, dole ya ajiye kaki. Wallahi duk wanda ke tunanin aikin nan na jin daɗi ne bai san shi ba.

Amma lauyan ma yana iya zamewa, kuma misalin da ya fi kusa a Isra'ila yake. A can babban lauyan soja ba ya karɓar umarni daga shugaban hafsoshi a kan batun doka, kuma ƙasar ta daɗe tana amfani da wannan a matsayin garkuwa, tana cewa kotun duniya ta ICC ba ta da hurumi tun da muna bincikar namu da kanmu. A ƙarshen Yulin 2024 'yan sandan soja suka je sansanin Sde Teiman kama wasu sojoji da ake zargi da azabtar da wani fursuna Bafalasɗine har sai da aka kai shi asibiti, sai ga masu zanga-zanga na ɓangaren dama har da 'yan majalisa sun kutsa cikin sansanin don hana kamen. Manjo Janar Yifat Tomer-Yerushalmi, babbar lauyar rundunar, ta sha zagi da kiran maci amana. A watan Agusta bidiyon abin ya bayyana a talabijin, sai ranar 31 ga Oktobar 2025 ta yi murabus ta amsa cewa ita ta ba da izinin fitar da shi don ta kare ofishinta daga farfagandar ƙarya, 'yan kwanaki bayan haka aka kama ta. Ni a ganina binciken da ta buɗe daidai ne ɗari bisa ɗari, kuma mutane da yawa ma suna ganin ofishin nata ya yi sakaci sosai kan abubuwan da suka faru a Gaza. Amma da ta ɗauki hujjar shari'a ta miƙa wa 'yan jarida a ɓoye ta shiga filin 'yan siyasa da makaminsu, su kuma nan suka fi ƙwarewa, nan take magana ta tashi daga abin da aka yi wa fursunan ta koma kan wa ya fitar da bidiyo.

Mu dawo Washington. Illar korar nan ta Fabrairu ba a kan janarori biyu take ba, su sun tafi da fanshonsu. Illar tana kan kyaftin da manjo da ke can ƙasa, mai 'ya'ya ƙanana da bashin gida, wanda ya ga an cire ogan ogansa a dare ɗaya ba tare da an ce ya yi wani laifi ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai shafa wa naka ruwa kake yi. Ba sai an kira shi an ce ya yi shiru ba, shi da kansa zai fara tauna magana, inda da zai ce "haramun ne" sai ya ce "akwai haɗari kaɗan ta fuskar doka", inda da zai rubuta sai ya faɗa da baki kawai. Wannan irin lalacewar ba ta fitowa a jarida kuma dokar 2004 ba ta iya kama ta, don babu wanda za a nuna a ce shi ya yi katsalandan. A kan haka kuma a ƙarshen watan Agustan 2025 aka amince a kwashi lauyoyin soja har 600 a mai da su alƙalan wucin gadi na shari'ar baƙin haure, wato an ɗauke su daga aikin da aka horar da su an kai su tsakiyar batun da ya fi kowane zafi a siyasar ƙasar.

Sai ga gwajin ya zo da wuri. Ranar 2 ga Satumbar 2025 sojin Amurka suka harba makami kan wani jirgin ruwa a tekun Caribbean da suka ce na masu safarar ƙwaya ne daga Venezuela, mutum 11 suka mutu, daga nan hare-haren suka ci gaba har zuwa gabashin tekun Pacific. Safarar ƙwaya laifi ne da aka saba masu gadin teku su tare jirgi su kama mutane su kai kotu, amma gwamnati ta ce a'a yaƙi take yi da ƙungiyoyin, ta kuma dogara da wata fatawar sirri daga ofishin nan na ma'aikatar shari'a, shi dai ofishin da ya fitar da takardar 2002. Daga baya ya fito cewa a harin farko mutum biyu sun tsira suna maƙale da tarkacen jirgin, aka sake harbi aka kashe su. Fadar White House ta amsa an yi harin na biyu, ta ce Admiral Frank Bradley ne ya ba da umarnin kuma yana cikin hurumin doka. Littafin dokar yaƙi na ma'aikatar tsaron Amurka kuwa, da ya zo kawo misalin umarnin da haramcinsa a fili yake wanda dole soja ya ƙi bi, misalin da ya zaɓa shi ne buɗe wuta kan waɗanda jirginsu ya nutse. Kowane lauyan soja ya san wannan ƙa'idar, kuma wannan ita ce irin tambayar da aka ajiye shi a ɗakin don ya amsa, wata shida da 'yan kwanaki bayan an nuna masa abin da ya samu shugabanninsa.